MURYAR GIDA A BAKIN FARIN NILU

 Sa'ad da dattawan ekklesiya suka zauna shirin wannan ɗan littafi, sai suka raba aiki. Waɗansu aka ba su labarin majami'u, waɗansu na makarantu da ɗakunan shan magani, mu kuwa aka ba mu labarin littattafai da jaridu da akwatin rediyo. Da fari mun ɗauka namu rabon shi ne ƙarami, gama takarda ba ta da bango ko jinka da za a nuna wa baƙo, murya kuwa iska ce. Amma da muka shiga tambayar tsofaffi, sai muka tarar da yawa sun manta wanda ya aza harsashin majami'arsu, duk da haka ko wannensu yana iya faɗa maka inda ya ke zaune ran da ya fara jin Bishara da harshen uwarsa, har da irin akwatin da muryar ta fito daga ciki.

Za mu ɗauko labarin daga nesa, daga wurin waɗansu 'yan'uwanmu na jini da harshe waɗanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Ku yi haƙuri da tsawon hanya, za ta komo da mu gida.

Kudu da birnin Hartum, tafiyar kamar mil 27, akwai wani ɗan dutse a gefen Farin Nilu, ana ce da shi Jabal Auliya, watau Dutsen Waliyyai. A nan ne Turawan Ingila suka datse kogin domin amfanin gwamnatin Masar. An fara aikin a cikin 1933, aka gama a 1937, tsawon madatsar kuwa ya kai wajen mil 3. Masar ta riƙe ta har 1977, sa'an nan ta miƙa wa Sudan. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon gaske, kifi ya yawaita, gari ya girma. A cikin masunta da manoma da 'yan tireda da suka zauna a bakin wannan kogi, daga nan har Kosti, akwai Hausawa. Da Larabci su ke ciniki, amma in sun shiga gida Hausa su ke yi da 'ya'yansu.

Hanyar Makka ce ta kai su. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhaji ya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram da ƙafa, ko bisa jaki, daga baya kuma a mota, ya bi ta Barno, ya ƙetare zuwa Fort Lamy wadda a ke kira Njamena yanzu, ya wuce Abeshe da Jinena da Fashir, har ya kai Ubayyid inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare a wancan zamani. Guzuri ba ya kai mutum Jidda. Tilas ya tsaya ya yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu, ya tara kuɗin gaba. Shekara biyu ta kan zama goma, a yi aure, a haifi 'ya'ya, a binne tsofaffi. Waɗansu kuma gudun Nasara ne ya kai su. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na fari a Burmi a cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har wa yau a ke kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe baki suna neman hannuwa, mutanen yamma kuwa su ne suka tsinci auduga mai yawa a cikinsu.

Mutanen ƙasar suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, suka sa musu suna ɗaya, Fallata, ko kuwa Takari. Sau da yawa da reni a ke faɗin sunan. Bayan Sudan ta sami mulkin kai a 1956, aka yi dokar zama ɗan ƙasa a 1957, wadda ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen shekarar 1897. Ku lissafa da kanku: mutanen Burmi ma sun makara da shekara shida. Ta haka yaron da aka haifa a bakin Nilu, wanda bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, ya tashi ana ce masa baƙo.

To, a cikin 1940 gwamnati ta buɗe gidan rediyo a Umdurman, domin ba da labarin yaƙin Hitila. Ba kowa ke da akwati ba a lokacin, mutane su kan taru a fili ko a wurin mai shayi su saurara. A 1942 sai aka ji muryar mace tana waƙa a wannan gida, abin da ba a taɓa yi ba. Sunanta A'isha Musa Ahmad, an haife ta a Kasala, ubanta malami ne mai makarantar allo, asalinsu daga ƙasarmu. A makarantar uban ta koyi karatu da gyaran murya. Shi bai so ta yi waƙa ba ko kaɗan. Ta riga ta je Alkahira an ɗauki muryarta a faifan garmaho, ta kuma yi wa sojojin Sudan waƙa a sansaninsu lokacin yaƙi. Da ta shiga rediyo, waɗansu mawaƙa maza suka yi fushi suka ƙaurace wa gidan, don ba su yarda a jera su da mace ba. Ta ci gaba da abinta, ta rasu a 1974. Sunan da dukan Sudan ta san ta da shi kuwa, A'isha Fallatiya, shi ne sunan nan da a ke yi wa danginta gori da shi.

Mun sani waɗansu dattawa za su ɗaga gira, su ce me ya kawo mawaƙiyar duniya cikin littafin ekklesiya. Ba waƙoƙinta mu ke yabo ba, yawancinsu na soyayya ne, da Larabci kuma ta yi su. Abin da mu ke so ku duba shi ne yarinyar da ke tallan gyaɗa a tashar Hartum, wadda tun safe a ke kiranta Fallatiya don a ƙasƙantar da ita, da dare kuwa ta ji mai gabatarwa a gidan rediyon gwamnati ya ambaci wannan suna da girmamawa, manya suna shiru suna saurare. Ba a ƙara mata ko anini ba, ba a ba ubanta takardar ƙasa ba. Amma wani abu ya miƙe a cikin ƙirjinta. Wanda bai taɓa zama bare ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Mu mun san ba ƙarami ba ne, za mu kuwa faɗi dalili nan gaba kaɗan.

Muryar A'isha ta ba su suna, amma ba ta ba su harshe ba. Harshen ya zo ta wata hanya. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. Jarida ba ta tsufa a hannun matafiyi. Sojan da aka kai yaƙin Habasha ko Bama, da alhajin da ya yi zango a hanya, in tsohon kofe ya faɗo hannunsa sai a kewaye mai iya boko, ya karanta daga sama har ƙasa, har da sanarwar gwamnati da kuɗin gyaɗa a Kano. Sa'an nan ran 13 ga watan Maris 1957 gidan rediyon BBC ya fara magana da Hausa daga London. Gajeren zango ba ya tambayar fasfo. Abin da a ke ji a Sakkwato shi a ke ji a Gadarif da Jabal Auliya, masunci yana gyaran taru yana jin sunan garin kakansa a cikin labarin duniya, tare da Amurka da Rasha.

Yanzu mu komo gida.

Su an ce musu, ku Hausawa ne, saboda haka ku ba 'yan Sudan ba ne. Mu kuwa an ce mana, ku Kirista ne, saboda haka ku ba Hausawa ba ne. Ko wane mai bi daga cikinmu ya sha wannan magana, wani daga bakin maƙwabci, wani daga bakin ɗan'uwansa ciki ɗaya. A bakin mutane da yawa Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce, har wanda ya musulunta daga wata kabila a kan ce ya zama Bahaushe. Kakannin waɗansunmu Maguzawa ne, waɗanda suka riƙe noma da al'adun Hausa na tun fil azal, duk da haka aka ware su da wani suna dabam. Don haka in mun buɗe jarida ko mun murɗa rediyo, mu ma kamar yarinyar nan mu ke, muna kasa kunne ko za a ambace mu.

Abin mamaki kuwa, ɗaya daga cikin Hausawa na fari da aka buga maganarsu a injin ɗab'i mai bi ne. Wani yaro ne mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, Bature matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. A can ya zauna da wani mai bishara Bajamushe, J. F. Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. An yi wa Dorugu baftisma a can. Da taimakon bakinsa Schön ya juya Bisharar Matta a 1857, Sabon Alkawari kuma ya fito a 1880, sa'an nan littafin Magana Hausa mai ɗauke da labarin Dorugu ya fito a 1885. Dole mu faɗi gaskiya, Hausar waɗannan littattafai ba ta nuna ba. Schön bai zauna a ƙasar Hausa ba, malaminsa kuma yaro ne da aka raba da gida tun bai gama koyon maganar manya ba. Malamin Kano in ya ji ta zai yi murmushi. Duk da haka muryar ɗan talaka ce, bawa, yana faɗin yadda aka sayar da shi da yadda ya ga London da idonsa, tun fiye da shekara saba'in kafin a rubuta Ruwan Bagaja. Dorugu ya komo ƙasarmu, ya ƙare kwanakinsa a Kano.

Kafin Turawan mishan su iso kuma, akwai waɗanda karatu kaɗai ya ta da su. Wani Malam Ibrahim na Kano, a cikin nazarin Alkur'ani, ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya fara koyar da almajiransa haka. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau, ana ce da su Isawa. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Likita Miller na C.M.S. a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa. Aka zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa, ragowar suka haɗu da jama'ar da ta koma Wusasa wajen 1929. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa kuma Malam John Tafida ya fito, wanda shi da Dokta East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan hira na fari da aka buga da Hausa, ba da daɗewa ba bayan gasar rubutu ta 1933. Ku lura da wannan: marubucin namu ne, amma mutanen cikin littafin ba namu ba ne. Ko shi da alkalami ke hannunsa bai ga hanyar da zai sa mai bi cikin labarin Hausawa ba. Ba laifinsa mu ke gani ba, zamanin ne haka.

Sai shekara ta 1932, da Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa. Likita Miller ya yi shekaru yana wannan aiki, masu bishara na S.I.M. da S.U.M. suka sa hannu, cikinsu har da Likita Stirrett wanda mutanen Jos suka sani da wa'azin kasuwa, da kuma malamai 'yan ƙasa waɗanda sunayen yawancinsu ba su shiga bangon littafi ba, ko da ya ke su ne a ke tambaya in kalma ta gagara. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ce ta buga shi. Mu da muka tashi muka tarar da shi a kan tabarma ba za mu iya auna abin da ya zama ga iyayenmu ba. A cikinsa suka tarar da rijiya da 'yan mata masu ɗiban ruwa, da makiyayi da garkensa, da kishiyoyi biyu a gida ɗaya, da 'yan'uwa da suka sayar da ƙanensu ga fatake, da fari da yunwa da rumbu, da mai karɓar haraji wanda kowa ke ƙi. Tsohon da ya ga bauta da idonsa, da aka karanta masa labarin Yusufu, bai bukaci mai fassara ba. Sunan Allah kuma da aka rubuta a ciki shi ne sunan da uwarsa ta koya masa. Wanda a ke ce masa ya bi addinin Bature ya sami abin da zai nuna, littafi mai kauri da harshen gidansu, wanda ba labarin Ingila ko ɗaya a cikinsa.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba a ranakun biki. Yawancin waɗanda suka sayi littafin nan ba Hausawa ba ne. Mutanen Filato ne, da kudancin Zariya, da Tangale, da Adamawa, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da makaranta da sujada. Mun gode wa Allah dominsu, gama su suka cika majami'u, su suka aiko mana da masu bishara zuwa ƙauyukan Kano da Katsina. Amma ta haka aka sami wata irin Hausa ta majami'a, wadda Bakatsine in ya ji zai ce ta baƙi ce. Sai Bahaushe mai bi ya zama bare sau biyu: a gari ana ce masa ya bar Hausa, a majami'a ana mamakin ganinsa, har a tambaye shi ainihin kabilarsa. Wannan ƙishirwa ce ta sa daga baya masu bi na Hausa da Fulani da Barebari suka kafa tarayyarsu, suka kira kansu Masihiyawa.

Jaridar Labarin Ekklesiya ta taimaka, don a cikinta mutum ya kan ga sunan ƙauyensu da labarin baftismar da aka yi a rafinsu. Amma jarida sai mai karatu. Rediyo ne ya shiga inda takarda ba ta shiga. Ran 18 ga watan Janairu 1954 gidan rediyon ELWA ya fara aiki a kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya, a hannun S.I.M., ba a daɗe ba kuma aka sa shirye-shiryen Hausa, ana ɗaukar su a Jos a aika. A 1963 kuma ekklesiyoyin Lutheran suka buɗe babban gida a Adis Ababa, wanda sashensa na Hausa muka sani da suna Muryar Bishara. Wanda ba shi da halin a gan shi a ƙofar majami'a ya kan rage murya cikin ɗaki, ya kara akwati a kunne. Matar kulle ta ji. Makiyayi ya ji a ruga. Ba wanda ya rubuta yawansu, mu ma ba za mu ƙaga ba. Abin da muka sani shi ne a cikin tsofaffin da muka tambaya, ba ɗaya ba ba biyu ba, sun ce kafin su taɓa ganin fuskar mai bi Bahaushe sun riga sun ji muryarsa, da karin harshe irin na gida, yana gaisuwa yadda a ke gaisuwa, yana tambayar gajiya da iyali kafin ya buɗe Littafi. Daga nan suka gane ashe akwai irinsu.

Gidajen nan biyu ba su dawwama yadda su ke ba. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace na Adis Ababa a watan Maris 1977, yaƙin basasar Laberiya kuma ya rushe na ELWA a 1990, ko da ya ke an sake ta da shi daga baya.

Ba za mu ɓoye inda aka gaza ba, gama jubili lokacin gyaran lissafi ne. Littafin waƙoƙinmu na fari kalmominsa Hausa ne, amma muryoyin na Ingila da Amurka ne, sau da yawa kuma muryar ta kan murɗe karin kalma har ma'ana ta karkace. An hana ganga da kalangu a sujada, an ce na bori ne. Hotunan da a ke rataya mana a makarantar Lahadi sun nuna Ubangiji da almajiransa farare sol, kamar 'yan'uwan Joji. Matan Zumunta ne suka warware wannan ba tare da wani taro ko takarda ba: suka ɗauko tulu da kacau-kacau, suka sa maganar Littafi cikin muryoyin daka da na biki, kaset ya ɗauka ya kai ko ina. Yau in ka tambayi mace mai bi waƙar da ta fi so, da wuya ta ambaci wadda aka juyo daga Turanci.

Babbar gazawa kuwa ita ce wadda ta shafi 'yan'uwan nan na bakin Nilu. Sunan Sudan yana cikin sunan S.I.M. da S.U.M. tun farko, har tarayyar ekklesiyoyinmu da aka kafa a 1955 an kira ta Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, don a wancan zamani dukan ƙasar baƙar fata daga Kwara har Nilu ita a ke nufi. Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa S.U.M., ya bi ta ƙasa daga Binuwai har ya isa Hartum a ƙarshen 1909. C.M.S. ta sauka Umdurman tun 1899, mishan na Amurka a 1900, amma gwamnatin Ingila ta hana su wa'azi ga Musulmi a arewacin ƙasar, sai makaranta da asibiti. Da S.U.M. da S.I.M. suka shiga, can Duwatsun Nuba da kudancin Shuɗin Nilu suka nufa. Ban da wannan kuma, ga matsalar baƙaƙe. An buga waɗansu sassan Bishara da ajami tun da wuri, amma babban Littafin na 1932 da boko ya fito, bisa ga hanyar da gwamnati da makarantu suka zaɓa a Nijeriya. Ɗan Hausawan Sudan kuwa da baƙaƙen Larabci ya yi karatu, na allo da na gwamnati duka. Ga littafi da harshensa, ba ya iya karantawa. Ga na Larabci yana iya karantawa, ba harshen uwarsa ba ne. Hausawan Sudan kusan dukansu Musulmi ne har yau, ba kuwa za mu ce sun ƙi abin da ba a kai musu yadda za su karɓa ba.

Ƙasar nan tasu kuwa ba baƙuwar Littafi ba ce. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, ku karanta labarin ma'ajin sarauniya Kandake. Masana sun nuna cewa Kandake sarautar matan Merowe ce, birnin da kangayensa ke arewa da Hartum a bakin Nilu. Mutumin nan yana cikin karusarsa yana karatun Annabi Ishaya, wurin da a ke zancen wanda aka wulakanta aka hana masa gaskiyarsa, abin da ya tambayi Filibus kuwa shi ne ko wa a ke nufi da wannan magana. Tambayar ko wane mai karatu ke nan in littafi ya taɓa shi. Bayansa da ƙarnuka, ƙasar Nuba ta karɓi Bishara, aka yi mulkin Kirista mai suna Alwa, babban birninsa Soba yana bakin Shuɗin Nilu, kusa da inda Hartum ta ke yanzu. Sun rubuta sassan Littafi da harshen Nuba. Wajen shekara ta 1500 Soba ta faɗi. Wani limamin Fotugal mai suna Alvares, wanda ya zauna a Habasha daga 1520, ya rubuta cewa ya ga manzannin Nuba sun zo roƙon a ba su malaman da za su koya musu, aka sallame su hannu wofi. Daga Jabal Auliya zuwa kangon Soba ba wata tafiya ba ce.

A zamaninmu wahala ta ƙaru a kansu. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da waɗansu garuruwa suna cewa su ma 'yan ƙasa ne. Da yawa daga cikinmu a sashen Hausa na gidajen rediyon waje muka fara jin wannan labari, har waɗansu matasanmu suka yi mamaki, ashe akwai Hausawa masu yawa haka a Sudan. Ran 15 ga watan Afrilu 2023 babban yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da rundunar RSF. A watan Nuwamba na shekarar RSF ta kama Jabal Auliya, aka lalata wani sashe na gadar da ke kan madatsar, soja suka karɓe garin a watan Maris 2025. Mutanen wurin, Larabawa da Hausawa da 'yan kudu da 'yan Nuba, cikinsu har da 'yan'uwanmu masu bi da aka zaunar a sansanin wurin tun shekarun 1990, sun watsu ko ina. Muna roƙo a sa su cikin addu'ar ranar biki, da sunan garinsu.

Mu kuma a nan, 'ya'yanmu sun bar akwatin gajeren zango sun koma wayar hannu. Suna kallon finafinan Kano, waɗanda suka fara tun wajen 1990, suna son su ƙwarai, don tufafin da abincin da barkwancin duk nasu ne. Amma su kan jira a banza su ga gida irin nasu, inda a ke sa babbar riga a tafi sujada ran Lahadi. Da tashar Arewa24 ta sa mai bi cikin mutanen garin wasanta na Daɗin Kowa, mun ga yadda yaranmu suka riƙa kiran juna su zo su gani. Ba mu ce su daina kallo ba. Mun ce wa masu baiwa a cikinsu su koyi aikin, su yi abin da Malam John Tafida bai sami zarafin yi ba.

Wayar nan kuma ta warware tsohuwar matsalar baƙaƙe, gama murya ba ta da boko ko ajami. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa ana saurare, tsohuwar juyi da sabuwar da ta fito wajen 1980 da waɗanda suka biyo baya. Saboda haka kwamitin jubili ya shirya ɗaukar muryar tsofaffinmu, maza da mata, kowa ya faɗi da bakinsa yadda ya ji da inda ya ji, da Hausar garinsu, ba tare da an gyara masa ba. Za a fara da waɗanda suka haura shekara saba'in. Fastoci su aiko da sunayensu ga magatakarda kafin ranar biki.

Za a kuma ajiye teburi a bakin ƙofar majami'a. Duk wanda ke da tsohon Littafi na 1932, ko littafin waƙoƙi, ko kofen Labarin Ekklesiya, ko wasiƙar da gidan rediyo ya taɓa amsa masa, ko da akwatin ne da kansa ya mutu, ya kawo a nuna wa yara. Ya rubuta sunansa da na garinsu a 'yar takarda ya liƙa, domin a mayar masa da abinsa bayan an tashi.